Fatsa a tafkunan Ingila: awon zurfi da zubin abinci sun fi tsadar kaya

A Ingila, idan mutum ya ce zai tafi fatsa ranar Lahadi, galibi ba kifin miya zai nemo ba. Zai zauna awa biyar ko shida a bakin tafki, ya kama abin da ya samu, a auna idan gasa ce, sannan a mayar da kifin ruwa da ransa. Tun da daɗewa mutanen ƙasar suka raba kifin ruwan daɗi gida biyu: salmon da tirawut a gefe guda, sauran duka a ɗaya gefen, wato kaf, birim, roci, tenci da dangoginsu. Fatsar kashi na biyun nan ita ce ma'aikatan masana'antu na birane irin su Shafil da Bamingam suka raya da ƙungiyoyinsu, kuma ita nake magana a kai, musamman a ruwan da ba ya gudu.

Abin da nake so ya zauna a ran mai karatu shi ne wannan: a tafki, abu biyu ne ke raba wanda ya cika ragar ajiye kifi da wanda ya koma hannu rabbana, sanin zurfin wurin da kake jefa ƙugiya, da sanin yawan abincin da za ka zuba da lokacin zuba shi. Gora mai tsada tana rage gajiyar hannu ne kawai.

Kafin a kai ga ruwa akwai doka. Duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisi daga Hukumar Kula da Muhalli; na 'yan shekara 13 zuwa 16 kyauta ne amma dole a yi rajista, kuma tarar rashinsa tana iya kai wa fam 2,500. Lasisin bai ba ka izinin zama a tafkin kowa ba, sai ka sayi tikitin yini ko ka shiga ƙungiyar da ke riƙe da ruwan. Koguna a rufe suke daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda lokacin ƙwai, amma yawancin tafkuna a buɗe suke duk shekara. Ɗaukar kifi daga tafki zuwa gida ba tare da rubutaccen izinin mai wurin ba laifi ne, kuma baƙi da yawa sun shiga uku a kan wannan don ba su sani ba.

Tafkunan iri biyu ne. Akwai waɗanda aka haƙa don kasuwanci, zurfinsu ƙafa huɗu zuwa shida, an cika su da kaf da wani ruwa-biyu da ake kira F1, mai cin abinci har cikin sanyi. Akwai kuma tsofaffin tafkuna, ramukan da aka bari bayan ɗiban tsakuwa, da madatsun ruwa, inda birim da tenci da roci suka fi yawa, kifin kuma a warwatse yake. Dabarar ta bambanta, amma aikin farko ɗaya ne.

Awon zurfi

Gorar da ake amfani da ita ta kabon ce, gaɓa-gaɓa, tsawonta mita 13 zuwa 16. Ba ta da abin naɗe zare. A cikin gaɓoɓi biyu na sama akwai roba, a bakin robar ake ɗaura zare mai ɗauke da fulot, wato 'yar siririyar alamar da ke tsaye a ruwa tana nuna cizo, sai ƙwayoyin nauyi, sai ƙugiya. Idan kifi ya kama, ana tura gorar baya a kan abin gungurawa har a zo gaɓar sama, a cire ta, a kwaso kifin da koma mai dogon mariƙi.

Don auna zurfi, ka maƙala dalmar awo mai giram 20 zuwa 30 a ƙugiya, ka miƙa gorar, ka sauke dalmar a tsaye, a hankali, har ta taɓa ƙasa. Idan fulot ya nutse, ka matsa shi sama a kan zaren. Idan jikinsa ya fito waje, ka matsa shi ƙasa. Abin nema shi ne tsinin fulot kaɗai ya rage a sama lokacin da zaren yake a miƙe. Kada ka jefa dalmar, kada kuma ka sauke ta a karkace, domin zaren da ya karkata zai nuna maka zurfin da ya wuce na gaskiya.

Awo ɗaya bai isa ba. Ka auna gaba da baya, dama da hagu, kamu ɗaya bayan ɗaya, har ka samu shimfiɗaɗɗen wuri kamar faɗin faifai biyu ko uku. Dalilin shi ne abincin da aka zuba a kan gangare gangarawa yake yi, kifin ya bi shi, kai kuma ƙugiyarka tana sama tana lilo a inda babu kowa. A yawancin tafkunan kasuwanci akwai gangare daga gaɓa zuwa kamar mita biyar ko shida, sannan ƙasa ta daidaita. Gindin gangaren nan wuri ne mai kyau, amma a nan ne laka ke taruwa. Za ka gane laka idan dalmar ta ɗan riƙe lokacin ɗagowa. Dalma mai nauyi tana nutsewa cikinta ta ƙara maka santimita biyar ko fiye na ƙarya, sai abincin ƙugiyarka ya binne. Maganinsa shi ne ka hau gangaren kaɗan inda ƙasa ke da tauri, ko ka sake awo da dalma marar nauyi mai faɗin gindi.

Idan ka samu wurin, ka yi abu biyu. Ka sa alamar zurfin a jikin gaɓar sama da farin fenti ko tef, don in zare ya tsinke kada ka sake awo a kan kifin da ka riga ka tara. Sannan ka zaɓi abin da ba ya motsi a ƙetare, bishiya ko turke, ka riƙa saita gorar da shi, ka kuma lura da gaɓar da hannunka yake riƙe. Kuskuren kamu biyu a gora mai mita 13 ya isa ya fitar da kai daga kan abincinka.

Minti goma sha biyar na wannan aiki ba asara ba ne. Ni a ganina wanda ya gaggauta awo ya riga ya zubar da rabin yininsa.

Haɗin zaren kuwa ba shi da wani sirri. Ƙa'idar da aka saba ita ce giram 0.1 na fulot ga kowace ƙafa ta zurfi, a ƙara kaɗan in akwai iska. Ruwa mai ƙafa biyar, fulot mai giram 0.4 ko 0.5. Babban zare kauri 0.15 zuwa 0.17 na milimita, sai guntun zaren ƙugiya mai tsawon santimita 15 wanda ya fi shi siranta, 0.11 zuwa 0.13, don in za a tsinke a tsinke a nan, kifi kada ya tafi da fulot a baki. Ƙugiya lamba 16 ko 18, marar ƙaya, domin kusan duk tafkunan kasuwanci sun hana mai ƙaya. A tara yawancin ƙwayoyin nauyi wuri ɗaya kamar santimita 45 daga ƙugiya, a sa ƙanana biyu a ƙasansu. A ci gaba da ƙara nauyi har tsinin fulot ya rage milimita biyu ko uku a sama. F1 cizonsa ɗan ƙyaftawa ne. In ka bar tsinin da tsawo ba za ka gani ba. Roba mai laushi, lamba 4 zuwa 6, ta ƙananan kifi ce, 8 zuwa 12 ta F1, 14 zuwa sama ta manyan kaf, ko da yake lambobin suna ɗan sauyawa daga kamfani zuwa kamfani. Tun 1987 an hana ƙwayoyin nauyi na dalma daga giram 0.06 zuwa 28.35 saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye su suna mutuwa, don haka waɗanda ke tsakanin nan a shago na wani ƙarfe ne.

Zubin abinci

A nan ne maganar take. Masu wannan harka suna yawan cewa abin da ka zuba ba ya kwasuwa, kuma gaskiya ne. A kogi ruwa yana tafiya da kuskurenka. A tafki yana nan kwance a ƙasa har ka tashi.

Kifi jininsa yana bin zafin ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri takwas, kaf kusan ba ya narkar da abinci, ƙwaya biyu ta ishe shi. A irin wannan rana ka fara da tsutsa goma ko ɗan tsunkule na ƙananan felet, ka jira. Kada ka ƙara sai ka ga cizo ko alama. Rabin lita na tsutsa yakan kai ka ƙarshen awa biyar har ya yi saura. A Yuni da Yuli kuwa kifin yana rububi, lita biyu na felet na iya ƙarewa, kuma wanda ya yi rowa makwabcinsa zai janye masa kifi.

Felet, wato ƙwayar abincin kifi irin ta gidajen kiwo, yana zuwa milimita 2, 4, 6 da 8. Mai milimita 2 sai an jiƙa shi: ka rufe shi da ruwa minti biyu, ka tsiyaye tas, ka rufe kwanon minti ashirin. Idan ya yi daidai, za ka dunƙule shi ya riƙe, ka murza ya warware ƙwaya-ƙwaya. In ya wuce lokaci a ruwa ya zama kwaɓaɓɓe. In bai sha ba, wasu ƙwayoyin za su yi yawo a sama su ja kifi daga ƙasa. Tafkuna da yawa ba sa yarda da felet sai wanda aka saya a wurinsu, ka tambaya tun a ƙofa.

Garin jan kifi ma haka. Ka zuba kilo ɗaya a babban bokiti, ka riƙa ƙara ruwan tafkin kaɗan-kaɗan kana juyawa da ƙarfi, ka bar shi minti ashirin zuwa talatin ya sha, ka ɗan ƙara ruwa, sannan ka tankaɗe shi a rariya don fasa gudaji. Gudajin da ka bari kifi zai ci ya ƙoshi, alhali aikin garin shi ne ya tara kifi da ƙamshi ba tare da ya cika masa ciki ba.

Sauran abincin su ne tsutsa, tsutsar da ta sandare ta zama ƙwanso, tana, masarar gwangwani, da burodi a lokacin sanyi. Akwai kuma naman gwangwani da ake yankawa ƙanana, wanda kaf ke so ƙwarai da bazara. Mafi yawansa na alade ne, don haka Musulmi ya duba jikin gwangwanin. Masara ko felet mai milimita 6 suna yin aikin.

Hanyar zubawa biyu ce. Akwai babban kofi da ake ɗaurawa a bakin gora a juye da yawa lokaci guda, akwai ƙaramin kofi da ke maƙale kusa da tsinin gorar wanda ke zubar da kaɗan duk sanda ka miƙa. Babban zubi yana kwantar da kifi a ƙasa. Ƙaramin zubi a kai a kai yana sa shi rububi, amma yana ɗago shi sama, don kifi yana bin inda abinci ke faɗowa.

Fulot ne zai gaya maka wanda ya dace. Idan yana ta nutsewa kana fizga ba komai, ko ƙugiya tana kama kifi a fiffike ko a wutsiya, ko kana dawowa da ɓawo ɗaya a ƙugiya, to kifin ya yi yawa a wurin kuma ya tashi daga ƙasa, jikinsa ne ke taɓa zare. Mutane da yawa a nan sai su ƙara zubi, abin ya ƙara lalacewa. Zaɓi biyu ne: ko ka daina ƙaramin zubi ka koma zuba da yawa sau ɗaya ka kama kifi biyu ko uku kafin ka sake, ko ka bi kifin sama da wani haɗin mai zurfin ƙafa ɗaya zuwa biyu, kana harba felet biyar ko shida da gwafa kowane daƙiƙa ashirin. Idan kuma ka ga ƙananan kumfa suna tasowa amma ba cizo, kifin ya tona laka yana tace ta, ba zai ga ƙugiyarka ba. Ka bar gari da ƙananan felet a wurin, ka koma ƙwaya mai girma, ko ka buɗe sabon wuri mita ɗaya ko biyu a gefe.

Shi ya sa ba a dogara da wuri ɗaya. Ka auna uku tun farko: na kusa a mita biyar ko shida, na nesa a mita 13, da na gefen gaɓa. Idan ɗaya ya yi sanyi ka zuba masa kaɗan ka bar shi ya huta minti goma sha biyar.

Iska ma tana da nata. Tana tura ruwan sama zuwa gaɓa ɗaya, ruwan ƙasa kuma ya dawo ta kishiyar hanya. Sai ka ga fulot yana tafiya yana fuskantar iska. Wannan jan yana kwashe abincin da ke faɗawa, ya ajiye shi kamu biyu ko uku daga inda ka zuba, don haka ka gwada sauke ƙugiya a ɓangaren da ruwan ƙasa ke ja. Ka ƙara zurfin santimita uku zuwa biyar don abincin ƙugiya ya kwanta, ka sa fulot mai ɗan nauyi. Da ɗumi, gaɓar da iska ke bugawa ta fi kifi. Da sanyi, idan iskar gabas ce, kifi yakan fake a inda ruwa ke kwance.

Inda gora ba ta kai ba

Tsibiri ko tsakiyar tafki sai sanda mai abin naɗe zare, da fida, wato ɗan nauyin da ke ɗaukar abinci. Ga kaf ana amfani da shimfiɗaɗɗiya mai giram 20 zuwa 30. Ka cika mazubinta da jiƙaƙƙen felet, ka sa abincin ƙugiya a ciki, ka danna. Zaren ƙugiya santimita 10 ne kacal. Ka jefa sau ɗaya ba abinci don samun nisan, ka maƙale zaren a 'yar maƙalar da ke jikin abin naɗewa, daga nan kowace jifa za ta faɗa wuri guda. Bayan ta sauka ka nutsar da zaren, ka ɗan ja har tsinin sandar ya lanƙwasa kaɗan, ba tare da ka motsa fidar ba. In ka motsa ta, ka raba ƙugiya da tulin abincin. Ƙananan taɓe-taɓe ba naka ba ne. Ka jira tsinin ya lanƙwashe sosai, sannan ka ɗaga kawai. Da bazara a sake jifa kowane minti uku zuwa biyar, da sanyi minti goma sha biyar zuwa ashirin. Dole fidar ta kasance mai zamewa a kan zare, don in ya tsinke kifi ya rabu da ita.

Birim a babban tafki fida mai raga yake so, da gari da yankakken tana, da zaren ƙugiya mai santimita 50 ko fiye. Ka jefa cikakku biyar zuwa takwas da farko a mita 30 ko 40, sannan ka yi haƙuri. Garke yake yawo, yana iya ɗaukar awa biyu kafin ya iso.

Ranar gasa

Gasar ƙungiya da safe take farawa da ƙuri'a. Kowa ya sa hannu a jaka ya zaro lambar gurbinsa. Ana ba da kamar awa ɗaya na shiri, a cikinsa an yarda ka yi awo ka kwaɓa gari, amma ba a yarda ka zuba ko ƙwaya ɗaya ba sai an busa usur. Awa biyar aka fi yi. Ana raba gurabe rukuni-rukuni, don wanda ƙuri'a ta kai shi matacciyar kusurwa ya yi takara da maƙwabtansa kawai. Akwai kuɗin da ake tarawa a raba wa waɗanda suka ci; wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba ya tambayi sakatare, domin a ƙungiyoyi da yawa ba dole ba ne, kana iya shiga don maki kaɗai. Daga irin waɗannan gasanni ne manyan suka fito, irin su Bob Nudd da ya ci kofin duniya sau huɗu da Alan Scotthorne da ya ci sau biyar.

Da ka san gurbinka, ka tambayi nauyin da ke cin rukunin a wannan lokaci, ka yi lissafi. A ce laba 60 ake bukata, F1 ɗin tafkin kuma laba ɗaya da rabi ne kowane: kifi 40 ke nan, takwas a awa, ɗaya kowane minti bakwai da rabi. Wannan lissafi shi zai gaya maka lokacin da ya kamata ka bar wurin da ba ya bayarwa. Ka jera kayanka yadda hannu zai kai ga komai ba tare da ka tashi ba. Kada ka bi maƙwabci don ka ga robarsa ta fito sau biyu. Zurfinsa da ƙasarsa ba irin naka ba ne.

Awa ta ƙarshe ta gefen gaɓa ce, daga Mayu zuwa Satumba. Manyan kaf sun saba masu fatsa suna zubar da ragowar abinci a nan in za su tashi, don haka da la'asar suke shigowa. Ka nemi zurfin ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu kusa da ciyawa ko bado, ka juye manyan kofi biyu ko uku na gari mai laima da matattun tsutsa, ka bar wurin sai ka ga ruwa yana juyawa ko wutsiya ta fito. Zare 0.19 zuwa sama, ƙugiya lamba 12 ko 14, tsutsa biyar ko shida ko tana biyu. In ruwan ya wuce ƙafa uku, kifi zai tashi daga ƙasa, ƙugiya ta riƙa kama jiki. Kifi huɗu masu laba takwas-takwas a nan sun kai aikin awa biyu da rabi a nesa.

Game da raga, kowane tafki yana da iyakar nauyin da aka yarda a sa a guda, sau da yawa laba 50 ko 60, kuma wanda ya wuce ana yanke masa ko a soke ragar gaba ɗaya. Ka riƙa ƙidaya, ka sauya raga tun kafin ka kai iyakar. Kaf ragarsa daban, ƙananan kifi tasu daban, don manya suna danne su. Raga ta zo a bushe ko a tsoma ta a maganin da ke ƙofa, saboda cutar KHV da ke kashe kaf idan ruwa ya haura digiri 16, kuma jiƙaƙƙiyar raga tana ɗaukar ta daga tafki zuwa tafki. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa kifi, ka rataye tsinken cire ƙugiya a wuya, babban kifi kuma a cire masa ƙugiya a kan katifa mai laima ko cikin koma. Gorar kabon tana ɗaukar lantarki ko ba ta taɓa waya ba, don haka a bar aƙalla mita 30 tsakaninka da wayoyin sama, a kuma ajiye ta ƙasa in an fara tsawa.

Idan aka busa usur na ƙarshe kana da kifi a ƙugiya, ka ɗaga murya ka sanar, yawancin ƙungiyoyi suna ba da minti goma zuwa sha biyar a fito da shi. Kada ka ɗago raga sai masu sikeli sun iso gurbinka. Ka tattaro kifin zuwa bakin ragar a cikin ruwa, a auna kashi-kashi in yana da yawa, a sauke jakar awon har cikin ruwa kafin a sake shi.